Miyar Kuka a Cikin Lagireto

Ku gyara zama, ku bar danna wayoyin nan. Shari'a na kawo muku, ni kaina ta hana ni sakat.

Malam Shekarau manomi ne, yana da 'ya'ya uku, duk sun zama magidanta: Korau direba shi ne babba, sai Delu, sai Nomau da ke noma tare da shi. Wata rana da hantsi tsohon yana cirar gyaɗa, kububuwa ta sare shi a dunduniya. Asibitin da ke da allurar dafinta kuwa tafiyar awa biyu ce. Suka kwantar da shi a bayan a-kori-kurar Korau, suka ɗauki hanya.

Ana tsakiyar daji, rana ta take, sai tururi ya turnuƙe gaban motar. Lagireto ya huje, ruwansa na ta kwarara ƙasa. Ashe Korau ya san da yoyon tun watan jiya, da sabulu yake ta liƙewa yana cewa sai ranar kasuwa zai kai gyara. Ga su nan dai, ba gida gaba ba gida baya, waya ba ta shiga, ko keke ba ya giftawa. Delu ta duba mahaifinsu, ta ga jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa.

Korau bai jira inji ya huce ba. Ya cire hularsa ya murɗe murfin lagireton da ita, tururi ya sale masa hannu har gwiwa. A haka ya lalubo bututun da ya tsage, ya matse bakinsa da filaya, babbar ɓarakar ta rufu. Amma babu ko ɗigon ruwa a motar.

Nomau ya suri jarka biyu ya nausa daji da gudu, don ya tuna wata tsohuwar rijiyar makiyaya da ya taɓa shayar da shanun huɗa. Ya same ta ba guga ba igiya. Sai ya shiga da kansa yana taka ramukan gefe, sau biyu. Ya dawo ƙafafu duk ƙaya, bayan kusan awa guda, ana ta leƙen hanya kamar a yi hauka.

Da aka zuba ruwan, sai ga shi yana ɗiga ta wasu ƙananan huji da filaya ba ta kama su. Delu ta kwance ƙullin garin kuka da ta sura lokacin fitowa, don ita ba ta zuwa jinya ba kayan miya. Korau ya daka mata tsawa: "Ke Delu, miya za ki kaɗa mana Baba na mutuwa?" Ta ce, "Yaya, abin da ke kama ruwa a tukunya zai kama shi a nan. Matsa mini." Ta zazzage kukar, aka ta da mota, ruwa ya yi yauƙi, ɗigar ta tsaya cak.

Korau ya ja motar da hannu ɗaya, ɗayan ya kumbura suntum. Daidai ƙofar asibiti inji ya buga, kuka ta toshe masa hanyoyin ruwa. Likita ya ce da sun ƙara rabin awa, sai dai a yi masa salla.

Malam Shekarau ya tashi. Yana kan gado ya rantse cewa lambunsa na fadama, mai rijiya ɗaya tilo wadda ba ta rabuwa, ya bar wa wanda ya ceci ransa. Nan gizo ke saƙar. Korau ya rasa mota, hannunsa ya shanye, amma sakacinsa ne ya tsayar da su. Nomau ya sa ransa a rijiya, amma jiransa ya kusa cinye lokacin. Delu ta tsayar da yoyo, amma kukarta ce ta kashe motar da yayanta ke ci da iyali da ita.

Yanzu lokacin dashen albasa na wucewa, lambu na zaune ciyawa ta cinye shi, su ukun ko gaisuwa da ƙyar suke yi. Tsohon kullum yana kai-kawo a zaure, rantsuwa na wuyansa, abin tausayi wallahi.

To, ku kuka ji komai. Mai hannu, ko mai ruwa, ko mai kuka: wa za a damƙa wa lambun nan?