Gafiya Ta Rama Bikin Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Bunsuru da Gafiya maƙwabta ne, katanga ɗaya ta raba su. Kun dai san Bunsuru da ruwa, ɗigo ɗaya ya taɓa masa gemu sai atishawa. Da ya gina soro, sai ya juya bakin indararo ya kalli gidan Gafiya, daidai bangon ɗakin da 'ya'yanta ke kwana.

Ruwan fari ya sauka. Indararo ya yi ta zuba, shaaa! Yaɓen bango ya zube. Gafiya ta yi sallama ta ce, "Maƙwabci, ruwanka na cin ɗakina."

Bunsuru ya ce, "Ruwana? Ni na haɗa hadarin? Je ki tambayi sama."

Ruwa na biyu ya sauka, shaaa! Bango ya tsage, har 'ya'yan na hango waje ta cikin tsagar. Gafiya ta kai ƙara. Alƙalin garin kuwa Kwaɗo ne.

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, in aka sake ruwa, ɗakin nan zai rufta kan 'ya'yana."

Kwaɗo ya lumshe ido. "Ruwa? Har cikin ɗaki? Ba tulu, ba guga? Baiwar Allah, wannan ai alheri ne. Biki ya yi miki. Tashi ki yi godiya."

Bunsuru ya shafa gemu yana dariya. Gafiya ta ce, "Allah ya gafarta Malam, biki ka ce?"

"Biki na ce."

"To, jama'a ku shaida."

Ku 'yan mata kun san biki. Abin da aka kawo miki ranar sha'ani, ninkinsa za ki mayar.

Ba ta kai gida ba, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso. Gafiya ta hau haƙa. Ta haƙa daga gindin bango, ta haƙa ta tsakar gida, ta haƙa ta ƙarƙashin katanga. Tsakar gidan Bunsuru kuwa kwari ce, don nan ya ɗebi ƙasar gini.

Yayyafi ya fara. Bango ya ce ƙaƙas! 'Ya'ya na kuka, "Inna, yana motsi!"

"Ku maƙale a bakin ƙofa, saura kaɗan!"

Farcenta na jini, tana haƙa. Aka kece da ruwa, ita kuma ta ɓulla. Ruwan indararo ya bi ramin, ruwan gidanta ya bi bayansa, duk suka faɗa gidan Bunsuru, buuu!

Bunsuru ya haye turmi, ruwa ya kai wuyan turmi. Yana atishawa yana ihu, "A kira Alƙali!"

Ashe Alƙali na nan tsakar gidan, yana iyo.

"Malam, ka ga abin da matar nan ta yi mini!"

Kwaɗo ya ce, "Na gani. Ninki ta mayar. Mace mai mutunci ke nan. Yi godiya."

Gafiya ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Maƙwabci, ni ba na cin bikin kowa. Duk abin da ka aiko, zan ninka maka, har ƙarshen damina."

Bunsuru ya dubi ruwa, ya dubi sama. Cikin ruwan nan ya hau soro, jiki na ɓari, ya juya bakin indararo ya kalli magudanar lungu. Bangon Gafiya ya tsaya, 'ya'yanta suka fito lafiya.

Ku riƙe wannan: ruwa na sama ne, amma wanda ya juya masa baki shi ke da alhakin inda ya zuba.

Ƙurunƙus kan ɓera, ban da kan Gafiya, ita ta sha wahala ta ishe ta.