Nomau Mai Babbaka da Idon Rago

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san asibiti ba, sunansa Nomau. Bawan Allah ne, ba malami ba, ba attajiri ba. Sana'arsa babbaka: a yanka dabba a mahauta, a jefo masa kai da ƙafa, ya ƙone gashin ya kankare. Ƙauri ya kama jikinsa, har in ya shiga sahu mutane sukan ɗan matsa.

To, ku saurara. Shekara talatin yana juya kawunan dabbobi a hannunsa, sai Allah Ya sa masa son kallon ido. Ya lura baƙin idon akuya a kwance yake, na kyanwa a tsaye. Ya lura duk abin da ake farauta, rago ne, zomo ne, barewa ce, idanunsa a gefen kai suke, yana kiwo yana hango abin da ke tahowa ta bayansa. Mai farauta kuwa, kura ko mujiya, nasa a gaba suke kamar namu. In ya faɗi haka sai mahauta su bushe da dariya, su ce hayaƙi ya taɓa Nomau. Shi ma ya yi murmushi ya ci gaba da kankara.

Sarkin Fawan garin, Arzika, shi ya ba shi wurin da yake hura wutarsa, kuma Nomau yana ƙaunarsa har zuciya. Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta fara rufe idanun Arzika. Amma yana gani, jama'a, yana gani dishi-dishi. Yana gane fuska, yana kai kansa inda yake so.

Ana nan sai wani baƙo ya sauka a gidansa, mai cire yanar ido da allura. Al'adar garin, ba a miƙa wa irin wannan mai magani idon mutum sai an gwada hannunsa a kan dabba. Aka kawo tsohon rago mai farin ido ɗaya, na hagu. Baƙo ya soka, ya juya, ya zare. Sannan ya tsaya ta hagun ragon, wajen ƙugu, ya kaɗa farin mayafi ta saman bayansa. Rago ya zabura.

Wuri ya kaure: "Ya gani! Wallahi ya gani!"

Nomau kuwa yana gefe yana kallo. Ya ga bakin mayafin ya tsallaka ta bayan kunnen dama. Da mutum ne ba zai gan shi ba, shi ya sa ba wanda ya kula. Amma rago ba mutum ba ne, lafiyayyen idon ne ya hango. Nomau ya san in ya yi shiru wutarsa tana nan, abincinsa yana nan. Ya dubi idanun Arzika, ya kasa yin shirun.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba da wannan idon ya gani ba. A ɗaure na daman da ƙyalle, a sake gwadawa."

Baƙo ya fara tattara kayansa, ya ce, "In haka ake karɓar baƙi a garin nan, na bar ku lafiya."

Kunya ta kama Arzika, ta koma fushi. Ya ce, "Nomau, a gaban baƙona? Kai da ba ka san komai ba sai ƙauri? Kwashe itacenka ka bar min mahauta!"

Kuma don ya wanke baƙonsa, ranar ya ba da idanunsa, duka biyun. Kwana uku yana ganin haske. Na huɗu suka kumbura, baƙo kuwa ya yi gaba. Kafin sati duhu ya rufe, bai sake buɗewa ba.

Da labari ya kai wa Nomau a bayan gari inda ya koma, bai ce "ai na faɗa" ba. Kuka ya yi. Ya taso ya zama sandar Arzika, shekara bakwai yana riƙe da hannunsa.

Wata rana suna zaune a zaure, Arzika ya ce, "Nomau, ƙyalle ɗaya fa ka ce a kawo. Ƙyalle ɗaya. Ka yafe mini."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kai za ka yafe mini. Da na ja ka gefe na faɗa maka a kunne, da ka ji. A gaban jama'a na faɗa, na toshe maka hanyar komawa. Kullum sai na tuna."

Tsofaffi biyu, kowa yana share hawaye.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi gida. Gaskiya takan zo daga bakin wanda muka raina, kuma girman kai yakan ci abin da nadama ba ta iya mayarwa. Kai kuma mai faɗin gaskiya, ka nema wa ɗan'uwanka ƙofar da zai shiga ba tare da ya ji kunya ba. Kowannenmu akwai wanda ya taɓa gaya masa gaskiya ya kore shi. In yana raye, kar ka bari a yi la'asar ba ka je ka same shi ba. Allah Ya sa mu ji tun muna gani.