Ranar da Ƙayar Beguwa Ta Zama Gashi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari!

Beguwa ce ta sossoke Zaki. Don kunya ya umarci Dila, malamin daji: "Daga yau ka koyar cewa Beguwa ba ta da ƙaya."

Ana nan, ɗan Zaki ya tambaya, "Malam, mene ne wancan tsirara a bayan Beguwa?"

Dila ya waiwaya, ya ce, "Gashi ne."

Sai ɗan Zaki ya je ya daka mata tsalle. Aka kwaso shi jina-jina.

Zaki ya yi ruri: "Wa ya koya wa ɗana wannan?"

Dila ya durƙusa. "Karatunka ne, ranka ya daɗe. Sauran yara ana raɗa musu gaskiya a gida. Naka ne ba shi da mai raɗa masa."

Ƙurunƙus, ta wuce da ƙayarta.