Shinkafar Gidan Makoki

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Labarin yau babu dariya a cikinsa, kuma idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A wani gari, shekarar da damina ta yi gardama, Allah ya yi wa wani tsoho mai gyaran takalma rasuwa. Ya bar 'ya'ya uku. Barira ce babba, mijinta ya rasu ta dawo gida. Sai Tasi'u tela, sai Ɗahiru mai facin taya a bakin kasuwa. Jinyar uban ta lashe komai, ranar da aka kai shi makwancinsa ko tsabar gero babu a gidan. Ga dangi sun zo daga ƙauyuka da yaransu, kuma kun sani ba za su tashi ba sai an yi addu'ar uku. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, mata sun cika tsakar gida, Barira kuwa tana zaune a madafa tana kallon tukunya a kife. Kukan rashin uba ma bai samu wuri a zuciyarta ba, kunya ta riga shi.

Washegari da hantsi sai ga Baba Jatau mai amalanke, tsoho ne mai yawan tari, wanda ya tsufa yana dakon kayan 'yan kasuwa. Ya sauke buhun shinkafa, da jarkar mai, da wani kwali a ɗaure. Ya ce daga kantin Alhaji Maiwada ne, an ce ya shigo wannan layin ya kai gidan da zai ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Ba wanda ya yi mamaki, don mai aika abinci gidan rasuwa sau da yawa ba ya son a san sunansa. Aka yi ta sa wa bawan Allah albarka.

Barira ce ta kwance kwalin a ɗaki ita kaɗai. Ta ga dabino da alewa, a ƙasansu sabulun jarirai da hoda. Ba a aika wa mamaci hoda. Nan take ta tuna an yi haihuwa a gidan da ke ƙarshen layi, suna ya matso, su dai ba su kai ga shimfiɗa nasu tabarmin ba ne. Ta daɗe a durƙushe. Daga tsakar gida tana jin yaron wata gwaggonta yana kukan yunwa tun safe. Sai ta tura kwalin ƙarƙashin gado, ta fito ta ɗora tukunya. Da ƙannenta suka leƙo ta faɗa musu abin da ta gani, kowa ya kalli ƙasa, ba wanda ya ce ta sauke.

Bayan azahar Baba Jatau ya dawo, babu amalanke, gumi ya jiƙa masa riga. Masu suna sun je kanti neman kayansu, Alhaji ya turo shi ya kwaso. Ya tsaya a gefen tabarmi yana murza hularsa, yana kallon mutane suna cin shinkafa suna yi wa mamaci addu'a. Tasi'u yana ganin fuskarsa ya san abin da ya kawo shi. Kafin tsohon ya buɗe baki ya miƙe da kwano a hannu, ya ce, "Baba, zauna ka ci, ka sa wa mahaifinmu albarka. Ai kun san juna."

A gaban jama'a ne. Tsohon ya zauna, ya kai loma, ya shafa fatiha, ya tashi ya tafi. Da ya koma kanti aka tambaye shi ina kaya, ya yi shiru. Da wane baki zai ce a je a kwashe abincin gidan makoki, bayan shi ma ya ci ya yi addu'a? Alhaji ya ɗauka sayarwa ya yi, ya miƙa shi ga 'yan sintirin kasuwa. Su kuwa ba su iya tambaya da baki ba.

Ɗahiru ne ya fara ji, don wurin facinsa yana kallon ɗakin da suke tsare mutane. Ya zo gida ya faɗa. Barira ta yafa mayafi za ta fita, ya tare ƙofa. Ya ce gobe ce addu'ar uku, idan maganar ta fita yau gari zai ce an yi wa ubansu sadaka da kayan sata, mutumin da bai taɓa riƙe allurar wani ba. "Yaya, ki bari a shafa fatiha a watse," in ji shi. "Kwana ɗaya ba ya kashe mutum." Ta cire mayafin.

Da aka shafa fatiha baƙi suka kama hanya, Barira ta jawo kwalin ta ɗora a ka. Ta ratsa kasuwa da shi ido na ganin ido, ta dire a gaban Alhaji Maiwada, ta ce kayan gidansu aka kai, ta sani tun farko, kuma ita ta dafa. Mata masu sayayya suka riƙe baki. Daga ranar sunanta ya koma wadda ta ci kayan suna. Ba don ta yi magana ba, da har yau ana kiran tsohon ɓarawo.

Alhaji ya ce magana ba ta cika buhu, ba za a saki kowa ba sai kayansa sun dawo. Tasi'u ya tafi shago ya ɗauko keken ɗinkinsa, abin da yake ci da iyalinsa, ya sayar a wulaƙance, ya sayi shinkafa da mai ya ajiye a ƙofar kanti. Tun daga nan ya koma ɗinkin hannu a gindin bishiya. Ba don shi ba, da ba a buɗe ƙofar ɗakin da aka tsare tsohon ba.

Da aka buɗe, tsohon ya kasa tashi. Ɗahiru ya goya shi a baya har asibiti. Aka ce ana buƙatar jini, ya miƙa hannu. Ya rufe wurin facinsa ya tare a gefen gadon, shi ke juya shi, shi ke wanke shi, har abokan cinikinsa suka koma wajen wani. Ba don shi ba, da tsohon bai sake ganin ɗakinsa ba.

Ya ga ɗakin nasa kam, amma bai ƙara tura amalanke ba. Ƙirjin ya riga ya taɓu. Kafin ruwan farko ya sauka aka kai shi makwancinsa.

Su ukun suka je gaisuwa. Gidan babu hayaƙi, babu baƙi, sai matarsa Inna Kuluwa a kan tsohuwar tabarma. Barira ta durƙusa, da ƙyar ta iya tambaya ko Baba ya yafe musu.

"Ya bar saƙo," in ji tsohuwar. "Ya ce biyu daga cikinku ya yafe musu duniya da lahira. Ɗaya kuwa, ya ce su haɗu a gaban Allah."

"Wane ne, Inna?"

"Bai faɗa ba, 'yata. Ni ma ban tambaya ba."

Suka dawo gida. Barira ba ta ƙara cin shinkafa ta ji daɗinta ba. Wata rana ta ce lalle ita ce, don ita ta ga hodar da idonta. Wata rana ta ce Tasi'u ne, sai ta tsani kanta saboda sauƙin da ta ji. Ba wanda za ta je ta roƙa, mai yafewar yana ƙarƙashin ƙasa.

To, jama'a, ga su nan. Barira ta sani ta dafa, amma yunwar yara ce ta sa ta, kuma ita ta zubar da mutuncinta ta wanke shi. Tasi'u ya toshe bakin tsoho da loma, amma ya ba da abin cin abincinsa. Ɗahiru bai karɓa ba, bai dafa ba, jinkiri kawai ya roƙa don darajar ubansa, kuma jininsa ne ya yi yawo a jikin tsohon har ya cika. Wane ne a cikinsu Baba Jatau yake jira?