Ɗan Yawo da Muryar Malam Sallau

Akwai wani saurayi a Birnin Konni mai suna Mahfuz, mai gyaran kwamfuta. Hannunsa na da kyau, amma kansa ya fi shagonsa girma.

Shekarun baya, shi da wasu matasan Konni, Malbaza da Illela (tamu ta arewa, ba ta ƙetaren iyaka ba) suka kafa wani taro. Duk wata sai su haɗu a gari ɗaya, kowa da tsohuwar kwamfutarsa, su saka mata Linux, manhajar da ba a saye, kowa na iya ɗauka ya gyara ya ba wani. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. A ƙarshe a dama fura a sha.

Kai, wancan zamani ya yi daɗi! Ba wanda ke tambayar ɗan wane gari ne kai, sai dai a tambaye ka ko ka zo da waya mai tsawo, don soket ɗin wuta ɗaya ne a ajin da ake taron.

Intanet na da tsada a lokacin, don haka suka sayi faifan ajiya guda, suka sa masa suna Ɗan Yawo. A Konni ake sauko da sabbin manhajoji, don can rezo, wato sabis ɗin intanet, ya fi ƙarfi. Daga nan faifan ya tafi Malbaza, ya wuce Illela a motar kasuwa, ya dawo. Kowane gari ya ƙara abin da yake da shi: darussan lakwal (makarantar boko), hotuna, hirar tsofaffi. Doka ɗaya ce: kafin ka miƙa shi gaba, ka kwafe duk abin da ke ciki.

Mai ɗaukarsa tsakanin Konni da Malbaza shi ne mahaifin Mahfuz, Malam Sallau, direban motar siminti. Bai san komai a kwamfuta ba. Yakan naɗe faifan cikin rawani ya sa a aljihun gaba, yana cewa, "Wanga fasinja ya hi kowa hankali, ba ya cewa a tsaya mashi hitsari."

Ana nan sai guguwar zaɓe ta taso. Wani ɗan takara ya zo shagon Mahfuz da babbar riga da murmushi.

"Ɗana, ku ka wahala, 'yan Illela na kwasa a banza. Su ko ƙuri'arsu ba tamu ta ba. Ka maida ƙungiyar ta Konni zalla, in cika maka ɗaki da kwamfutoci sabbi."

Maganar ta shiga kunnen Mahfuz ta zauna. Da Ɗan Yawo ya dawo hannunsa, sai ya kulle shi a durowa.

Malama Ummul-Khairi, wadda ke koyarwa a wata lakwal a Illela kuma ita ke riƙe da taron can, ta kira shi.

"Mahfuz, lahiya? Yara na ta tambayar Ɗan Yawo."

"Malama, abin Konni na. Kowa shi nemi nashi."

"Haka kac ce? To, Allah shi kyauta."

Malam Sallau ya ji labari, ya ce, "Kai yaro, tun yaushe faifai ya yi katin jam'iyya?" Mahfuz ya sunkuyar da kai, amma bai buɗe durowar ba.

Taro ya mutu. Zaɓe ya wuce. Kwamfutocin da aka yi alkawari kuwa, har yau suna kan hanya. Abin da ya iso shagon kawai kalanda ce mai hoton ɗan takarar.

Bayan damina biyu, Allah ya yi wa Malam Sallau rasuwa.

Da aka share makoki, mahaifiyar Mahfuz, Saude, ta kira shi. Ta ce, "Ka taɓa ce mani kun ɗauki muryar babanku a wurin taronku. Ina so in ji shi, ko sau ɗaya."

Gaskiya ne. A wani taro a Malbaza sun zaunar da tsohon, ya ba su labarin hanya. Mahfuz ya ruga shago, ya ciro Ɗan Yawo, ya jona. Faifan ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Ya sauya waya, ya sauya kwamfuta, ya gwada duk dabarar da ya sani. Zaman durowa da zafi sun gama da shi. Nasa kwafin kuma ya goge tun tuni, don a ganinsa tunda faifan na hannunsa, me zai yi da kwafi?

Ya kira Malbaza, aka ce kwamfutar da ke da kwafin ta lalace bara. Saura wuri ɗaya, wurin da ya fi jin kunyar zuwa. Amma kullum ya shiga gida sai Saude ta dube shi, wannan kallon ya fi kunyar ciwo.

Ranar kasuwar Illela ya shiga mota. Ya tarar da Malama Ummul-Khairi a aji, yara sun kewaye tsoffin kwamfutocin nan suna ta aiki. Ta yi masa ta'aziyya. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ta riga shi.

"Muryar Baba Sallau kaka bida, ko?" in ji ta. "Tana nan. Doka ai doka ta, sai da na kwahe kahin in miƙa. Kuma ba kai ɗai ka kewarshi ba."

Ta zuba masa komai a sabon faifai, har da darussan da 'yan Illela suka ƙara a shekarun da ya rufe musu ƙofa. Ta ce, "Wannan ma ka kai ma yaran Konni."

Da yamma ya kunna wa mahaifiyarsa a tsakar gida. Sai ga tarin tsohon, sai ga dariyarsa, sai muryarsa:

"Ni dai tun ina yaron mota nike bin hanyag ga. Har yau ban ga inda Konni ta ƙare Malbaza ta soma ba. Gero ɗai nike gani dama da hagu, da mutane masu ɗaga mani hannu."

Saude ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya. Ta ce, "Sake sa shi."

Wata na gaba aka yi taro a Illela. Mahfuz ne ya fara isowa, da sabon faifan naɗe cikin rawanin babansa.

Darasi: Abin da ka raba wa mutane shi ke dawo maka ranar da naka ya ɓace. Kada ka bar mai neman ƙuri'a ya raba ka da maƙwabcinka da sunan gari. Zaɓe zai wuce, maƙwabci yana nan. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa na kusa da na nesa, kada ku kulle shi a durowa.