Sifika Huɗu a Motar Tumatir

Hafizu na Ƙofa matashi ne mai ƙwazo, amma duk abin da aka ce masa kada ya yi, shi zai fara yi. Shi ke tuƙa tsohuwar motar mahaifinsa, wadda ke kwaso tumatir daga gonarsu ta noman rani a bakin Tiga zuwa kasuwa. Da ita gidansu ke ci.

Da samari suka shirya gasar kiɗan mota a filin ƙwallo, Hafizu ya rantse ba wanda zai fi shi ƙara. Ya kwashi manyan sifiku huɗu ya kai wa Imran mai gyaran wayar mota.

Imran ya duba, ya girgiza kai. "Ƙanena, kowace sifika om huɗu ce, wato ma'aunin yadda take tare wuta; in om ya ragu, jan wuta ƙaruwa yake. In an haɗa huɗun a layi ɗaya, om ɗaya za su koma. Amfilifayarka, na'urar ƙara sautin nan, ba ta jure ƙasa da om biyu. Wuta za ta riƙa ja har ta ƙone. Sa sifika biyu kawai."

"Oga, tsoro ne ke damunka. Biyu ai sai rediyon tsofaffi!"

"To, ba da hannuna ba."

Hafizu ya koma gida ya haɗa da kansa. Da ya kunna, fis, wanda ke katse wuta in ta yi yawa, ya yanke. Ya canza, ya sake yankewa. Sai ya ce fis ɗin ne bai da zuciya, ya cire shi ya naɗa wayar tagulla a wurin.

Ranar Juma'a bayan la'asar, motarsa ta girgiza filin. Mutane na ihu, Hafizu na ƙara murɗa sauti. Wani ya ce, "Kai, ƙauri nake ji!"

"Ko za ta ƙone sai na ci gasar nan!" in ji Hafizu.

Hayaƙi ya turnuƙe daga but, wurin kaya na bayan motar. Kafin a kawo yashi, wuta ta bi waya ta cinye motar.

Washegari da safe ya sami mahaifinsa a gona, tsaye kan kwanduna ashirin na tumatir da aka tsinke, rana ta fara dukansu. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce, "Hafizu, da me za mu kai su?"

Darasi: kowane abu yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. In masani ya gargaɗe ka, ka saurara, domin taurin kanka ba kai kaɗai zai cutar ba.