Kokon Mma Awabu

Akwai wata mata a unguwar Maamobi ta Accra mai suna Lariba. Shekara shida tana jinyar uwar mijinta, Mma Awabu, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ita ke mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta koko a baki.

Da safe kowa ya fice, a bar ta da tsohuwa, ba mai leƙo su sai kajin maƙwabta. Ko ankon biki ba a yanka mata, wai ina za ta da shi.

Wata rana ƙanwar mijinta Shifa, mai aikin ofis, ta ce da yayanta Abass a gaban Lariba, "Yaya, matan Accra suna can suna nema, taka tana nan tana gadin tabarma."

Abass ya ji kunya. Ya samo wa matarsa aiki a shagon atamfa a kasuwar Nima.

Lariba ta ce, "Maigida, Mma fa?"

Ya ce, "Koko ne fa. Wa ya kasa ba da koko?"

Da Lariba ta fara zuwa shago, Shifa ta karɓi cokali. Tana sauri kada mota ta wuce ta, ta ɗura wa tsohuwa kokon da zafinsa, tsohuwar na kwance, ta gefen bakin da ya mutu. Mma ta ƙware, idonta ya yi ja. Daga ranar ta datse haƙora. Kwana huɗu tana ɗaki ita kaɗai, fuska ga bango, ruwa ma da ƙyar.

A rana ta biyar Abass ya je shagon, ya tsaya bayan masu ciniki har suka watse.

"Lariba, Mma ba ta ci."

Lariba ta ɗauki mayafinta, ta nufi gida.

Ta tayar da tsohuwa zaune, ta tokare ta da matashi biyu. Ta fifita kokon, ta yi bismilla, ta sa rabin cokali ta gefen da ke da rai, ta jira. Mma ta haɗiye.

Shifa na tsaye bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. A hankali ta ce, "Matar yaya, koya mini."

Lariba ta ce, "Ajiye jakar tukuna. Wannan awa guda yake ci."

Darasi: Aikin gida aiki ne, ko da ba albashi. Wanda ya ce da matar gida zaman banza take, ya ji tsoron Allah. Ku tura wa mazajenku da 'ya'yanku, yau kowa ya ce mata sannu.